Marigayi Abu Dukhan a Teburin Koriya

Duk wanda ya san unguwar Utaibiyya ta Makka kafin a faɗaɗa titunanta ya san wani lungu a bayan wani ƙaramin masallaci, inda hayaƙi kan tashi da zarar an sallame la'asar. A cikin hayaƙin nan akwai mutum, sunansa Munzali, amma 'yan kaɗan ne suka san sunan. Larabawan unguwa Abu Dukhan suke ce masa, wato uban hayaƙi, Hausawa kuwa Baba mai tsire. Tsiren ma a bakin mutanen Makka ya koma sire, suna ci suna lasar yatsa, da yawansu ba su san ƙasar da ya taso ba.

Shi kansa Munzali bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba sai a bakin uwarsa. Iyayensa mutanen Haɗeja ne, sun fito aikin hajji a ƙasa, suna tafe suna ya da zango, su yi tsintar auduga a nan, su yi fawa a can. A Cadi aka haifi yayarsa, shi kuma a Sudan. Yana ƙarami suka haye Bahar Maliya a jirgin katako. Uban ya sauke farali, ya ce bari ya ɗan huta kafin a juya gida. Yana cikin hutun Allah ya karɓi abinsa. Abin da Munzali ya gada daga gare shi wuƙa ce, da mafici, da sanin nama.

Sanin kuwa ya san shi. Tukubarsa ta toka ce irin ta da, wuta a tsakiya, tsinkaye a kewaye sun jingina kamar masu sauraron wa'azi. Nama a wurinsa ba ya hawa kan wuta, a gefenta yake zama, kuma ba a damunsa da juyi. Wanda ya tsaya saye zai ga Munzali ya ba wutar baya yana hira, ana tsakiyar zance sai hannunsa ya zagaya ya juya tsinke ɗaya, ko waiwaye bai yi ba. In aka tambaye shi yadda ya sani, sai ya ce, "Ido na mai saye ne. Mai gashi da hanci yake gani."

Da hancin nan ya yi aure, da shi ya reni 'ya'ya biyar shi da matarsa Shatu. Masu son girmama shi Abu Awwalu suke ce masa, suna furta sunan ɗan fari gatsal, sunan da shi bai taɓa kamawa da bakinsa ba. Autan kuwa Nu'uman ne, wanda ya yi karatu ya samu aiki a wani kamfanin motocin alhazai a Kudai, ofis mai sanyi, da kujera mai juyawa. Hausar Nu'uman ta cikin gida ce kawai, da ya taka ƙofa sai Larabci.

Bayan shekara arba'in da wani abu a cikin hayaƙi, tari ya kama Munzali. Likita ya yi magana, 'ya'ya suka haɗa kai. Suka rufe wurin tsire, suka ɗauke tsofaffin daga Utaibiyya zuwa wani bene a Kudai, inda wutar da ke gidan duka ta gas ce, ita ma a hannun Shatu. Suka saya masa fararen riguna, da tabarau, da kujera mai laushi a gaban talabijin.

"Ka huta, Baba," in ji su.

Munzali ya tuna abin da hutu ya yi wa ubansa.

Ana nan sai Nu'uman ya ga yarinya, Manal, 'yar Ustaz Hamad. Su ma Hausawa ne, sai dai kakansu ya zo Makka tun zamanin Turkawa, Ustaz kuma tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya ajiye aiki da mutuncinsa. Hausa a bakinsa kamar takalmin aro take, yana tafiya da ita amma tana matse shi. Ranar da ya tambayi Nu'uman sana'ar mahaifinsa, yaron ya ce babban ɗan kasuwa ne a harkar nama, yanzu ya huta. Ba a ce ƙarya ba ce. An dai sa wa gaskiya alkyabba.

Aka shirya iyaye maza su haɗu su ci abinci, su san juna, a tsayar da maganar ɗaurin aure. Kafin ranar Nu'uman ya zo ya durƙusa a gaban kujera mai laushi.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Kada a ambaci tsire."

"To me za a ambata? Jirgin sama?"

"Ka ce kasuwanci kawai. Ai kasuwanci ne."

Shatu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kai auta, tsiren da ya saya maka littafi da takalmi shi ne yau ba a kama sunansa? Ɗan fari ya zama?"

"Ummi, wallahi ba raini ba ne. Mutanen nan suna duba irin wannan. In aka ɗaura, suka san mu, ni da kaina zan faɗa."

Munzali ya dubi yaron. Ya ga ya rame a kan yarinyar nan, har wuyan riga ya yi masa yawa. Ya ce, "Tashi. Na ɗaukar maka. Bakina ba zai faɗa ba."

Manal ce ta zaɓi wurin. Ita da ƙawayenta sun haddace fina-finan Koriya a waya, an kuwa buɗe wani gidan abincin Koriya a Aziziyya. Nu'uman bai taɓa shiga ba, hoton shinkafa da ƙwai a kwano kaɗai ya gani, amma ya yi murna ƙwarai. A lissafinsa duk duniya babu abin da ya kai Koriya nisa da tsire.

Ranar Asabar bayan azahar suka isa. Munzali ya sha farar riga da tabarau, ya shafa turaren da Shatu ta ce zai kashe duk wani tsohon ƙauri. Ya shiga yana waige-waige ko zai ga mutumin Koriya, don bai taɓa gani ba. Babu ko ɗaya. Ɗan Bangladash ne a bakin ƙofa, 'yan Indunisiya a kicin. Wanda aka ba teburinsu wani dattijo ne mutumin Jawa, Zali, mai tabon sallah a goshi. Ya sunkuya ya faɗi wata kalmar Koriya da aka koya masa, sannan ya miƙe ya yi sallama irin ta mutane.

Ustaz Hamad ya riga su zuwa. Ya tashi, aka rungumi juna.

"Ahlan, ya Abu Awwalu. Sannu da... da zuwa. Ka yi haƙuri da Hausata, ta tsufa a cikin akwati."

"Ai ta fi Larabcina, Ustaz. Nawa na kasuwa ne."

Nu'uman ya yi tari. Munzali ya gyara zama.

Zali ya dawo da faranti cike da 'yan kwanoni, kowanne bai fi tafin hannun jariri ba. Ya jera su: wannan wake mai tsiro, wannan ƙananan kifi, wannan ganye da riɗi, wannan wani abu ja. Kunya ta kama Munzali. Su suka gayyaci mutum, ga abin da aka ajiye masa, ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba. Ya matsa kusa da ɗansa.

"Abincin ke nan?"

"Somin taɓi ne, Baba. Yana zuwa."

Jan abin nan shi aka ajiye daidai gaban Munzali. Zali ya ce sunansa kimci. Munzali ya ajiye tsinkayen ƙarfe biyun da aka ba shi, don a saninsa tsinke na soke nama ne, ya ɗauki cokali ya ɗanɗana. Kabeji ne da ya kwana, ya sake kwana, ya yi tsami, aka rufa masa asiri da barkono. A gidansa da tuni Shatu ta wanke tukunyar. Amma uwarsa ta ratsa Sudan da yunwa, kuma ta rene shi a kan cewa abinci ba ya saura a kwanon ɗan halak, balle a garin Allah. Ya rufe ido ya share shi tas, don a rabu lafiya.

Bai gama kurɓar ruwa ba Zali ya ɗauke kwanon ya ajiye wani cike.

"Masha Allah, Ammi yana son kimci," in ji shi. Ammi baffa ke nan da Larabci.

Munzali ya dubi kwanon, ya dubi Zali. Mutumin fuskarsa cike da alheri. Ba wanda ya gaya wa tsohon cewa a tsarin gidan duk kwanon da aka share sai an sake cika shi, kuma hanyar tsira ita ce a bar saura. Ya ce bismilla, ya sake kamawa.

Sai ga babban faranti. Nama ne, an yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, an jera shi kamar fure, kuma ɗanye shar. Zali ya ɗaga wani murfi a tsakiyar tebur, raga ta ƙarfe ta bayyana. Ya murɗa wani abu a gefe, wuta ta kama a ƙasa. Ya miƙa hannu sama ya jawo wani bututu mai ruwan tagulla ya tsayar da bakinsa a kan ragar, bututun ya soma gurnani a hankali.

Fuskar Nu'uman ta koma kamar ta wanda ya ga takardar kora.

"Kai," in ji Munzali ƙasa-ƙasa, "sun manta ba su gasa ba."

"Haka... ina jin haka ake yi, Baba. Mu za mu gasa."

"Su kuma aikinsu me?"

"Su kawo."

"Ikon Allah. A gasa musu, a biya su. Ni na yi shekaru ina..."

"Baba!"

"Ina kasuwanci."

Zali ya ɗauki awartaki ya ce in suna so shi zai gasa musu. Ustaz Hamad ya ce a'a, Manal ta gaya masa daɗin abin a yi da kai. Ya naɗe hannun riga ya karɓa. Ya ɗora yanka ɗaya, ya juya shi, ya sake juya shi, ya ɗaga ya leƙa ƙasansa, ya danne shi har ruwan ya tsiyaye a wuta.

Munzali ya kawar da kai. Ya ci kimci. Ya sake dubawa. Abu biyu suka haɗu suna cin sa. Na farko, baƙon da suka gayyata ne zaune yana dafa wa kansa abinci a gabansu, abin da in aka ji a Utaibiyya sai an yi shekara ana ba da labari. Na biyu, naman. Alkawarin da ya ɗauka na baki ne, ba a yi maganar hannu ba.

"Ustaz, a al'adarmu baƙo ba ya taɓa wuta. Kawo."

Nu'uman ya taka ƙafar ubansa a ƙarƙashin tebur. Munzali ya janye ƙafar ya karɓi awartaki. Hannun ya tuna aikinsa. Kafin a ƙifta ido ya shimfiɗa naman a raga, layi-layi, kowane yanka da tazararsa, kitse na fuskantar wuta. Nu'uman ya sunkuyar da kai. Ya riga ya ga ƙarshen zancen: yanzu tsohon zai fitar da nama irin wanda ba a koyo a ofis, Ustaz ya yi tambaya, aure ya watse a kan ragar Koriya.

Munzali kuwa ya ajiye awartaki, ya juya kafaɗa ya ba wutar baya kamar yadda ya saba, ya fuskanci baƙonsa.

"To Ustaz, su kakanninku ta wace hanya suka shigo? Ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin?"

Ustaz ya fara ba da labari. Munzali na saurare da kunne, hancinsa na jiran saƙo. Ya san yadda yake zuwa: da fari ƙamshin kitse, sannan wani ɗan ɗaci-ɗaci da ke cewa a juya. Ya jira. Ba abin da ya zo. Bututun tagulla na can yana shanye hayaƙin tun daga bakin raga, yana kai wa tsuntsayen Aziziyya. Naman kuma ba irin nasa ba ne mai kauri da haƙuri. Siriri ne, an jiƙa shi a ruwan sukari, kuma a kan wutar yake zaune ba a gefenta ba.

"Ammi! Ammi!"

Zali ne ya sheƙo da gudu. Munzali ya waiwaya. Layukan suna nan yadda ya jera su, kowanne da tazararsa, baƙi ƙirin kamar rubutun allo. Zali ya kashe wuta, ya ɗauke ragar da abin da ke kanta, yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Mutanen teburin kusa suka juyo. Wata yarinya ta ɗaga waya.

Ustaz Hamad ya yi dariya har ya cire tabarau, dariya ta alheri, ya dafa hannun Munzali.

"Ma'alesh, ya Abu Awwalu, ba komai. Kowa da aikinsa. Kai ka saba da garke, ba da yanka ɗaya ba. Wallahi da gani an san hannun nan bai taɓa wuta ba."

Hannun da ya dafa ko gashi ɗaya babu a bayansa, wuta ta cinye tuntuni. Ustaz bai duba ba. Nu'uman ya ɗago kai a hankali, kamar wanda aka ce wa ba shi za a yanka ba.

"Gashi baiwa ce," Ustaz ya ci gaba, ya koma Larabci don zancen ya fi ƙarfin Hausarsa. "Ni mutum ɗaya na sani a Makka da Allah ya ba. Wani tsoho a Utaibiyya, Abu Dukhan. Ba za ka san shi ba, ba irin wurin zuwanku ba ne. Ina saurayi nakan bi layi a wurinsa in an tashi aiki. Fuskarsa ma ban taɓa gani sosai ba, kullum tana cikin hayaƙi da rawani. Baya yake ba wutar, ya Abu Awwalu, baya! Amma bai taɓa ƙona tsinke ɗaya ba. Lokacin da uwar Manal ke da cikinta, ba abin da ke zama mata sai sirensa. Yarinyar nan da ɗanka ke so, rabinta naman mutumin nan ne."

Munzali ya janye hannunsa ƙarƙashin tebur.

"Bara na koma," in ji Ustaz, murya ta yi ƙasa. "Na tarar da shagon waya a wurin. Na tambaya, wani ya ce mini ya rasu. Na ce haka ne, irinsu ba sa barin wuta da ransu." Ya ɗaga hannu biyu. "Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa Aljanna ce makomarsa."

Ya tsaya yana jiran amsa.

Kalma biyu ce kacal, ni ne, kuma tana kan harshen Munzali. Da ita zai wanke baƙin naman nan, ya karɓi yabon da bai taɓa ji da kunnensa ba duk tsawon zamansa a hayaƙi. Da ita kuma ɗansa zai zama maƙaryaci a gaban surukinsa tun ba a ɗaura ba. Ya dubi Nu'uman. Yaron bai roƙe shi ba ko da ido, tebur kawai yake kallo, wuyan riga ya yi masa yawa.

Munzali ya ɗaga hannu.

"Amin," ya ce.

Ya shafa, ya cika cokali da kimci ya danna a baki don kada wata magana ta biyo baya. Barkonon ya hau masa kai, hawaye suka zubo ta ƙarƙashin tabarau.

"Dubi zuciya," in ji Ustaz wa Nu'uman. "Yana kuka saboda talakan da bai sani ba. Gidan da ke da irin wannan uba, na ba su 'yata."

Zali ya ajiye sabon kwano.

Sauran naman Zali ne ya gasa. Ya yi shi da kyau, ya yayyanka da almakashi kamar tela, ya nuna musu yadda ake naɗewa a ganyen latas da tafarnuwa. Munzali ya ci. A ransa ya yarda ba laifi, sai dai zaƙin ya yi yawa, naman yara ne. Da za su fita Zali ya biyo su har ƙofa da kwalba a leda. Ya ce tun da aka buɗe gidan ba su taɓa samun mai son kimci kamar Ammi ba, wannan kyauta ce daga kicin.

A mota Nu'uman ya buɗe baki. "Baba, ni dai..."

"Dubi hanya."

Shatu na jiran su a falo. "Yaya abincin Koriyar?"

Munzali ya ajiye kwalbar a gabanta ya zauna. "Mutanen kirki ne. Sun ba ni wuta, sun ba ni nama, aka yi mini addu'ar mamaci."

Da Nu'uman ya warware mata zancen, sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To Malam, tunda ka rasu ba ka gaya mini ba, yau zan fara takaba ko tun bara ake lissafi?"

An ɗaura aure lafiya. Manal ba ta yi mako a cikin dangi ba Shatu ta ba ta labarin duka, yarinyar ta yi dariya ta ce ita da ta sani tun farko da ta fi son auren. Nu'uman ya zo zai cika alkawarinsa na gaya wa Ustaz, Munzali ne ya hana.

"Mutum ya ɗaga hannu ya yi wa mamaci addu'a da zuciya ɗaya, ka je ka ce masa mamacin ne ya amsa? Kada ka kunyata surukinka. Addu'ar kuma a bar mini ita, zan buƙace ta."

Da Manal ta samu ciki, sai abinci ya ƙi zama mata. Wata Juma'a da la'asar Munzali ya hau rufin bene da rabin ganga, da yashi, da buhun gawayi. Shatu ta daka ƙuli-ƙuli da yaji, tana faɗin abin da likita ya ce, tana miƙa masa man gyaɗa. Ya jera tsinkaye a kewaye, ya ba wutar baya, ya fuskanci duwatsun Makka. Hayaƙi ya zagayo ya same shi, hannu ya tafi da kansa. Manal ta ci har ta yi barci a zaune.

Ya naɗe wasu a takarda da albasa ya ba Nu'uman. "Kai wa Ustaz. Ka ce wani almajirin marigayin ne ya gasa."

Bayan magariba Nu'uman ya dawo, yana ta kewaye-kewaye a bakin ƙofa.

"Me ya ce?"

"Ya cinye duka, Baba."

"Na ce me ya ce."

"Ya ce... ya ce a gaishe da yaron, yana da hannu, in ya dage zai kai wani wuri. Amma wai ko kusa bai kamo marigayin ba."

Shatu ta toshe baki. Munzali ya shinshina yatsunsa. Sannan ya jingina da kujera mai laushi, fuskarsa ta saki.

"Gaskiya ya faɗa," ya ce. "Wa zai kamo shi?"